Harbi tara a Little Falls: inda kare kai ya ƙare, kisa ya fara

Ranar Alhamis 22 ga Nuwamba 2012, wadda ta dace da bikin godiya na Amurka, wasu matasa biyu suka shiga gidan wani dattijo mai suna Byron Smith a garin Little Falls da ke jihar Minnesota. Saurayin yana da shekara 17, budurwar 18, kuma 'yan'uwan juna ne. Sata suka zo yi, babu mai musun wannan, amma babu makami a jikin kowannensu. Smith mai shekara 64, tsohon injiniyan tsaro a Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka, ya harbe su duka biyun a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidansa. Ranar 29 ga Afrilu 2014 masu taya alƙali yanke hukunci suka same shi da laifin kisan kai bisa shiri har sau biyu, bayan shawarar da ba ta wuce ta kusan sa'a uku ba. Aka yi masa ɗaurin rai-da-rai ba tare da damar saki ba.

Duk wanda ya ji labarin a taƙaice haka zai iya cewa an zalunci mai gida. Ɓarayi sun fasa maka taga, sun shigo har inda kake, kana cikin gidanka, da bindigarka ta halal, a ƙasar da tsarin mulkinta ya amince da riƙe makami, sannan a wayi gari kai ne a kurkuku? Mutane da yawa a Minnesota haka suka ɗauki maganar a lokacin, wasu ma har yau. Sai dai shari'ar tana da wani abu da ba kasafai ake samu ba. Smith da kansa ya kunna na'urar naɗar murya tun kafin ɓarayin su iso, ta kuma ci gaba da ɗauka sa'o'i bayan an gama. Saboda haka babu buƙatar a yi hasashen abin da ya faru daƙiƙa bayan daƙiƙa. Kotu ta saurara da kunnenta.

Kafin ranar

Tsoron Smith ba na ƙarya ba ne, kuma adalci ne a fara da wannan. Shi kaɗai yake zaune. Ya ce an sha shiga masa gida ana kwashe kaya, ciki har da kuɗi da agogon mahaifinsa da bindigogi. Ya kai rahoton satar da aka yi masa a ƙarshen Oktoba 2012 ga hukuma, ba a kama kowa ba. Satar bindigogin ce ta fi tayar masa da hankali, domin wanda ya ɗauki bindigarka yau yana iya dawowa da ita gobe. Ya sanya kyamarori a wajen gida, ya kuma koma yawo da ƙaramar bindiga a ƙugunsa ko a cikin ɗakinsa.

Har nan babu inda ya taka doka. Abin da ya yi da hantsin ranar bikin ne ya zama ƙashin bayan tuhumar. Ya fitar da motarsa daga gida, ya kai ta nesa ya ajiye, ya dawo a ƙasa. Mai wucewa zai ɗauka babu kowa. Ya sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya zauna a kujerar da ke kallon matakala daga gefe, inda zai ga mai saukowa kafin shi ya gan shi. Ya ajiye ruwan sha da abin taɓawa da littafin karantawa. Libarba tana ƙugunsa, doguwar bindiga ƙirar Ruger Mini-14 cike da harsashi tana kusa da shi, ga kuma tamfol. Ya kunna rakoda. A cikin abin da ta ɗauka tun kafin a fasa tagar, an ji shi yana bitar yadda zai nemi ganin lauya.

Mintunan da aka yi shari'a a kansu

Da rana ta ɗan gota, saurayin ya zagaya gidan, ya fasa taga, ya shigo. Smith yana jin takunsa a sama. Bai yi magana ba, bai kira 'yan sanda ba. Da yaron ya fara saukowa, ƙafafunsa suka bayyana, sannan gwiwa, sannan ƙugu, sai Smith ya harbe shi. Ya ƙara na biyu. Yaron ya gangaro ya faɗi ƙasa. Bayan 'yan daƙiƙoƙi Smith ya matso ya yi harbi na uku, harsashin ya ratsa hannun yaron ya shige kansa. Aka ji muryar Smith yana cewa, "Ka mutu." Ya ɗora gawar a kan tamfol, ya ja ta zuwa wani ɗaki, ya sake ɗura harsashi, ya koma mazauninsa.

Kimanin minti goma suka wuce. A cikin minti goma mutum zai iya ɗaga waya sau nawa? Budurwar ta shigo, ta kira sunan ɗan'uwanta a hankali, ta fara saukowa. Ya harbe ta, ta faɗo. Ya so ya ƙara, bindigar ta cije. Ya ce mata, "Au, yi haƙuri." Ya zaro libarba ya ci gaba da harbinta tana ihu, ya ce, "Mutuwa kike yi," ya kuma zage ta. Ya ja ta zuwa inda gawar ɗan'uwanta take. Da ya ji tana sauran numfashi, ya kafa mata bindiga a ƙarƙashin haɓa ya danna kunama. Harbi uku ga saurayin, shida ga budurwar.

Bayan haka ya zauna sa'o'i yana magana shi kaɗai, rakoda tana ɗauka. A ciki ya ce ba ya kallonsu a matsayin mutane, kallon ƙwarin ɓarna yake musu. Gawawwakin suka kwana a gidan. Sai washegari ya kira maƙwabcinsa ya nemi ya samo masa lauya, daga baya maƙwabcin ya kira 'yan sanda. Da aka tambaye shi dalilin jinkirin, ya ce bai so ya dami jami'an tsaro a ranar biki ba. A bayaninsa ga masu bincike ya amsa cewa ya yi harbi fiye da yadda yake buƙata, ya kuma kira harbin ƙarshe da ya yi wa yarinyar kyakkyawan harbin gamawa. Ya ce dariya ta yi masa lokacin da bindigar ta cije. Abin da masu sauraro suka ji a faifan kuwa kiran Allah ne da kururuwa.

Abin da dokar Minnesota ta ba shi

Dokar jihar ba ta matse wa mai gida ba. Sashe na 609.065 na kundinta ya halatta ɗaukar rai a wurare biyu: idan ya zama dole domin mutum ya kare kansa ko wani daga abin da ya yi imani, bisa dalili, cewa zai kai ga mutuwa ko mummunan rauni, ko kuma idan ya zama dole domin hana aikata babban laifi a cikin gidan da yake zaune. Wannan ƙofa ta biyu tana da faɗi. Kotun Ƙolin Minnesota ta ce a shari'ar Pendleton ta 1997 mai kare gida ba sai ya nuna ya ji tsoron mutuwa ba. A shari'ar Carothers ta 1999 ta ƙara da cewa babu wajibcin ja da baya ga mutum a cikin gidansa. A waje kuwa, idan akwai hanyar tsira ba tare da haɗari ba, dokar jihar tana sa ran ka bi ta. Sannan da zarar wanda ake tuhuma ya kawo hujjar kare kai, nauyi yana kan gwamnati ta rushe ta ba tare da sauran kokwanto ba.

Fasa gida da mutum a ciki babban laifi ne. Ke nan Smith ya shiga kotu da katin da ya fi na kowa ƙarfi. To me ya kayar da shi?

Kalmar "dole" da ke cikin sashen ita ta kayar da shi, tare da ma'aunin da kotuna suka ɗora a kanta. Ba ya wadatarwa a ce ɓarawo yana cikin gida. Ana tambaya ko an yi kisan ne domin hana laifin, ko hukuncin da mai gida ya yanke game da girman haɗarin na mai hankali ne, ko kuma matakin da ya zaɓa shi ne wanda mai hankali zai zaɓa a irin wannan hali. Duk tambayoyin nan a kan lokaci suke tafiya. Amsarsu a daƙiƙa ta farko tana iya bambanta da amsarsu a daƙiƙa ta goma, domin halin da ake ciki ya sauya. Yaron da ke saukowa kan matakala, wanda ba ka ga hannunsa ba, wani abu ne. Yaron da ya sha harsashi biyu yana kwance a gabanka wani abu ne dabam. Satar ta tsaya, barazanar ta tsaya, to me harsashi na uku zai hana?

A nan ne yawancin masu riƙe bindiga suke yin kuskuren fahimta. Suna ɗaukan izinin kare kai kamar abin da ake samu sau ɗaya a bakin ƙofa, wato da zarar ɓarawo ya tsallako, ya sayar da ransa. Doka kuwa kowane danna kunama aiki ne mai zaman kansa a wurinta, kowanne sai ya kawo nasa dalilin. Shugaban 'yan sandan gundumar Morrison (inda Little Falls take) na lokacin, Michel Wetzel, ya faɗi maganar a fili tun farkon lamarin: doka ba ta ba ka damar zartar wa mutum hukuncin kisa bayan barazana ta gushe ba.

Hujjar masu kare shi

Lauyan Smith, Steve Meshbesher, ya gina kariyarsa kan tsoro. Dattijo ne shi kaɗai, an sace masa bindigogi, hukuma ba ta yi masa maganin komai ba, ba shi da hanyar sanin ko masu shigowa suna ɗauke da makami ko su nawa ne. Wannan hujja tana da tushe mai daraja a shari'ar Amurka. A shari'ar Brown ta 1921, mai shari'a Oliver Wendell Holmes na Kotun Ƙolin Amurka ya rubuta cewa ba a neman tunani mai natsuwa daga wanda aka ɗaga wa wuƙa. Kotunan Ingila ma sun daɗe da yarda cewa wanda ke cikin tsananin firgici ba zai iya auna ƙarfin da zai yi amfani da shi daidai wa daida ba. Shi ya sa ba a hukunta mutum don kawai ya yi harbi uku a jere cikin daƙiƙa biyu inda ɗaya zai isa. Jiki yana rawa, ido ba ya gani sosai, kuma wanda aka harba ba nan take yake faɗuwa ba.

Matsalar Smith ita ce faifansa ya nuna natsuwar da Holmes ya ce ba a nema. Wanda ya firgita ba ya cewa "yi haƙuri" don bindiga ta cije. Ba ya shimfiɗa tamfol don kada jini ya ɓata ƙasa. Ba ya sake ɗura harsashi ya koma kujera. Sassaucin da doka take yi wa mai tsoro saboda ba shi da lokacin tunani ne. Smith ya sami lokacin, kuma an ji abin da ya yi da shi.

Akwai wata hujjar da magoya bayansa suka riƙe, wadda ta fi ta lauyan ƙarfi a zukatan jama'a. Bayan kisan an gano cewa saurayin yana da hannu a satar da aka yi wa Smith a baya, an kuma sami kayan da aka sato daga wani gidan a motar da matasan suka zo da ita. Alƙali Douglas Anderson ya taƙaita abin da za a gabatar wa masu yanke hukunci daga wannan tarihi, kuma mutane da yawa suka ce an ɓoye gaskiya. A ganina alƙalin bai kauce ba. Hujjar kare kai tana auna abin da mai harbi ya sani a lokacin da ya harba. Smith bai san wanda ke saukowa ba, ƙafafu da ƙugu kawai ya gani. Abin da aka gano daga baya ba zai koma baya ya zama dalilinsa ba. Wannan ƙa'ida kuma wuƙa ce mai baki biyu, ita ce take kare mai gidan da ya harbi wanda ya nuna masa bindigar roba cikin duhu. Ba a cewa da shi ai ta roba ce, tunda ba shi da hanyar sani. Ba za a karɓi ƙa'idar a inda ta yi daɗi a watsar da ita a inda ta yi ɗaci ba. Ban da haka, ko da an tabbatar ɓarayi ne na shekara goma, hukuncin sata ba kisa ba ne a Minnesota. Jihar ma ta soke hukuncin kisa tun 1911, ko ga mai kisan kai.

Kwanton ɓauna

Da harbin gamawa kaɗai ne laifin, ana iya tsayawa a kisan ganganci mara shiri, wanda shi ne tuhumar da aka fara yi masa. A 2013 aka ɗaga ta zuwa kisa bisa shiri, kuma wannan ɓangaren ya fi wuyar sha'ani, don haka ya cancanci a dakata a kansa.

Babu ɗaya daga cikin abubuwan da Smith ya yi da safe da yake laifi shi kaɗai. Mutum yana da ikon ajiye motarsa inda ya so. Yana da ikon zama a ɗakin ƙasa da bindiga a gefensa, ya sha ruwa ya karanta littafi. Ba wanda ya wajabta masa ya leƙa taga ya sanar da ɓarayi yana gida. Su kuma ba wanda ya tura su fasa taga. Idan aka ce duk wanda ya shirya wa ɓarawo ya yi shirin kisa, to an haramta kare kai gaba ɗaya, domin sayen bindigar kansa shiri ne.

Bambancin yana cikin abin da shirin yake nema. Wanda yake tsoron ɓarawo yana yin abin da zai sa ɓarawon kada ya shigo: ya bar mota a ƙofar gida, ya kunna fitila, ya ƙara makulli, ya yi gyaran murya idan ya ji motsi. Duk abin da Smith ya yi akasin wannan ne. Ya kawar da alamar da za ta kori ɓarawo, ya zaɓi wurin da zai gani ba a gan shi ba, ya yi shiru lokacin da kalma ɗaya za ta iya sa yaron ya ranta a na kare. Mai gabatar da ƙara, Pete Orput, ya kwatanta zaman nasa da na maharbin da ya ɗana wa barewa. Tamfol da bitar maganar lauya sun nuna ya riga ya hango gawa tun ba a taɓa tagar ba. Idan aka haɗa safiyar da abin da ya biyo baya, sai harbin gamawa ya daina zama kamar ɓacin rai na lokaci guda, ya koma cikon aikin da aka tsara.

Kwana biyu kacal kafin a yanke wa Smith hukunci, irin wannan ya faru a Missoula ta jihar Montana. Ranar 27 ga Afrilu 2014 wani mai suna Markus Kaarma, wanda shi ma aka taɓa yi wa sata, ya harbe wani ɗalibi ɗan ƙasar Jamus mai shekara 17 a garejinsa, bayan an bar ƙofar garejin a buɗe da jaka a ciki. Montana jiha ce da ta fi Minnesota sakar wa mai gida mara, amma duk da haka aka same shi da laifi, aka ɗaure shi shekara 70. Tun 1971 ma Kotun Ƙolin Iowa, a shari'ar Katko da Briney, ta tabbatar da diyya a kan masu wani gidan gona da ba kowa a ciki, waɗanda suka ɗaura bindiga a jikin ƙofa ta harbi ɓarawo a ƙafa. Tarko, ko na igiya ne ko na mutum zaune a kujera, kotunan Amurka ba sa karɓarsa a matsayin kariya.

Harbin farko fa?

Masu sharhi da dama sun ce da Smith ya tsaya a harbi na biyu ya ɗaga waya, da wuya a gurfanar da shi. Ina ganin akwai ƙamshin gaskiya a nan game da saurayin. Baƙo ya fasa taga, yana nufo inda kake, an taɓa sace maka bindigogi. Masu yanke hukunci a ƙaramin garin Minnesota da wuya su ɗaure dattijo a kan wannan, ko da an kawo maganar mota.

Game da budurwar kuwa ban yarda harbin farko ma yana da wannan kariyar ba. A lokacin Smith ya riga ya ga cewa na farkon ba shi da makami, tunda da hannunsa ya ja shi. Ya sami minti goma. Ya ji murya tana kiran suna a hankali, ba muryar mai kawo hari ba. Yana riƙe da bindiga, yana ɓoye, ita tana kan matakala ba ta ganinsa. Da ya ce "tsaya nan, na kira 'yan sanda," babu abin da zai rage masa na tsaro. Gaskiya ne doka ba ta ce lallai sai ka yi gargaɗi kafin harbi ba, akwai halin da gargaɗi zai jawo maka mutuwa. Amma tambayar ita ce ko kisan ya zama dole, kuma inda magana za ta wadatar, harsashi bai zama dole ba. Hukuncin masu taya alƙali bai fayyace harbi na nawa ne ya tsallake iyaka ba, haka tsarin yake, "ya aikata" kawai suke cewa. Sai dai samunsa da kisa bisa shiri a kan mutum biyun yana nuna ba su ɗauki safiyar a matsayin zaman mai jiran tsira ba.

Wani abin lura shi ne a watan Maris na 2012, wata takwas kafin kisan, Gwamnan Minnesota na lokacin, Mark Dayton, ya hau kujerar na-ƙi kan wani ƙudurin da majalisar jihar ta zartar domin faɗaɗa ikon amfani da makami wajen kare kai. Bayan kisan wasu suka ce da ƙudurin ya zama doka da Smith ya tsira. Ina shakka. Dokokin irin wannan, kamar wadda Florida ta kafa a 2005, abu biyu suke yi: su cire wajibcin ja da baya, su kuma ɗauka tun farko cewa mai gida ya ji tsoro bisa dalili idan an kutsa masa da ƙarfi. Duka biyun suna taimakon harbin farko ne. Babu wadda ta ce ka ja mai rauni zuwa wani ɗaki ka ƙarasa shi. Hatta 'yan sanda, tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1985 a shari'ar Tennessee da Garner, ba su da ikon harbe ɓarawon da ke gudu ba makami don kawai kada ya tsere.

Maganar cewa ai dama yarinyar mutuwa za ta yi, harbin ƙarshe sauƙi ya kawo mata, ita ma ba ta da wurin zama. A dokar laifuka, wanda ya gaggauta mutuwar mai mutuwa ya kashe shi. Wanda yake numfashi asibiti ake nema masa.

Jinkirin kiran hukuma ya yi wa Smith illa ta fuska biyu. Ya hana a ceci wanda ƙila za a iya ceta, ya kuma rushe labarinsa na tsoro. Idan da gaske yana fargabar akwai sauran abokan sata a waje, wanda ya fi kowa buƙatar motar 'yan sanda a ƙofar gida shi ne. Masu shari'a suna karanta abin da mutum ya yi bayan harbi domin su gane abin da ke ransa lokacin harbin, kuma kwana guda da gawa biyu a gida ba halin wanda ya tsira da ƙyar ba ne.

Ɗaukaka ƙara

Smith bai ba da shaida da bakinsa a kotu ba, faifan da bayaninsa ga 'yan sanda ne suka yi magana a madadinsa. A hukuncin kisa bisa shiri, ƙara tana tafiya kai tsaye Kotun Ƙolin Minnesota, wadda ta tabbatar da hukuncin a 2016. Daga nan lauyoyinsa suka nufi kotunan tarayya, kuma abin da suka riƙe a can ba batun kare kai ba ne. Ƙorafinsu shi ne a farkon shari'ar alƙali ya fitar da jama'a da 'yan jarida daga zauren na ɗan lokaci, domin ya yi wa lauyoyi bayanin iyakar da ya sa kan shaidar sace-sacen baya, alhali tsarin mulki ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin a yi masa shari'a a bainar jama'a. Kotunan tarayya ba su soke hukuncin ba. A 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi sauraron ƙarar. Mai shari'a Sonia Sotomayor ta rubuta rashin amincewarta, tana ganin rufe zauren ya saɓa wa haƙƙinsa, ko da kuwa na 'yan mintuna ne. Hukuncin ɗaurin rai-da-rai ya tsaya yadda aka yanke shi a 2014.